Ɗan Majalisar da Ya Karɓi Goronmu

Shekarun baya, lokacin da nake karatun digiri na uku a Manchester, ina zaune ne a wani ɗan ɗaki a Gorton, a saman wani tsohon gida mai sanyin tsiya. Zamanin ne gwamnatin ƙasar ta tsuke bakin aljihu. Duk inda ka zauna maganar ɗaya ce: council, wato hukumar gari, ta rage wannan, council ta rufe wancan. Har ɗakin karatun unguwarmu, inda nake fakewa saboda akwai ɗumi kuma babu mai yi maka magana, sai da aka rage masa ranakun buɗewa.

Ni mutum ne mai nauyin baki. Mahaifiyata takan ce tun ina yaro in ta aike ni maƙwabta, sai in tsaya a zaure har wani ya fito da kansa, don ba zan iya ɗaga murya in yi sallama ba. Da wannan halin na tafi Ingila, da shi kuma na zaɓi binciken da ba ya yiwuwa sai da yi wa mutane tambayoyi. Ina nazari ne a kan yadda 'yan majalisar jiha ke wakiltar yankunan da ke nesa da babban birni. Ɓangaren gida na gama shi da kyar. Saura babi guda, wanda zan kwatanta namu da na wata ƙasa. Na rubuta wa 'yan majalisa da dama a ƙasashe daban-daban, ba wanda ya amsa. Tallafin karatuna ya kusa ƙarewa, kuma malamata ta gaya min ƙiri-ƙiri cewa in babu wannan babin ba za a karɓi aikin ba.

Rannan ta kira ni ofis. Ta ce akwai wani dattijo ɗan majalisar lardi daga can ƙuryar arewacin Kanada, daga cikin 'yan asalin ƙasar, wato mutanen da Turawa suka tarar a wurin. Ya daɗe yana wakiltar jama'arsa. Zai zo taro Birmingham, kuma ranar Asabar yana da sarari daga azahar zuwa yamma, kafin ya hau jirgin ƙasa zuwa London, inda zai tashi zuwa gida. Ta yi masa magana, ya yarda ya ba ni wannan lokacin.

Ta ce, "Ba ni da wani bayan shi. Ka buɗe baki ka yi tambaya."

Kuskurena na farko shi ne na faɗa wa abokina. Bahaushen Kumasi ne, ya girme ni, yana tuƙa motar kaya a wani babban shagon sari a Cheetham Hill. Shi ya riƙe ni tun zuwana, ina kiransa Yaya, shi kuma yana kirana Dokta tun ban rubuta ko shafi ɗaya ba. Bayan sallar Juma'a muna tafe na ba shi labari.

Ya ja ya tsaya. "Honorabul? Daga Kanada? To a ina za ku zauna?"

Na ce akwai wani shagon shan kofi kusa da tasha.

Ya dafe kai. "Innalillahi. Dokta, boko ya cinye ka. Babban mutum ya ƙetaro teku, ka zaunar da shi a kujerar roba ka miƙa masa ruwan zafi a kofin takarda? In ya koma me zai ce a kanmu? Kuma da wannan jakar goyon taka ta 'yan firamare za ka je?"

Kafin in haɗa amsa ya kira yayarsa, Hajiya, wadda ke zaune a Handsworth, wata unguwa a Birmingham, sun gama magana: a gidanta za a sauki baƙo. Na so in ce a'a, bakina ya ƙi. Na lallashi kaina da cewa falo ya fi shago shiru. Na rubuta wa dattijon ina gayyatarsa cin abinci a gidan wasu 'yan uwa, ya amsa a taƙaice cewa ya ji daɗi, abincin otal ya ishe shi, kuma kada a wahala, zai zo a bas.

Abin da ban lissafa ba shi ne nauyin kalmar Kanada a kunnen mutanenmu a wannan lokacin. An rage wa abokina awannin aiki. Hajiya tana aikin kula da tsofaffi, su ma council ta yanke musu awanni. Kowa yana neman ƙofar fita, kuma kowa ya ji an ce can ƙasar madara ce.

Ranar Asabar abokina ya zo da babbar rigarsa ta Sallah ya ce in saka. Ta yi min yawa, ina tafiya ina tattare ta kamar mai tsallake rafi. Da muka isa Handsworth na tura ƙofar gidan. Takalma ne jibge a ɗan siririn lungun shiga kamar ƙofar masallaci. Falo ya cika, har kan matakalar bene akwai mutane, kowa ya ci ado, kuma kusan kowa yana riƙe da ambulan ko jakar takardu.

Na ce a hankali, "Yaya, su wane ne waɗannan?"

Ya ce, "'Yan tarba ne. Kai dai ka kwantar da hankalinka."

Muka fito bakin titi muna jira. Na gaya masa mutumin ya ce a bas zai zo, ya yi dariya ya ce haka manya ke faɗa don tawali'u, amma za ka ga mota. Har wurin ajiye mota ya tare da kwandon shara. Muna nan sai ga wani tsoho ya taho daga wajen tashar bas, sanye da rigar ruwa wadda ta sha jiki, furfurarsa a kitse har baya, yana rataye da 'yar jaka yana duba lambobin gidaje. Ya zo ya tsaya daidai wurin da aka tare. Abokina ya matsa cikin ladabi ya ce masa da Turanci ya ɗan gusa gaba, ana jiran babban baƙo.

Tsohon ya ce to. Ya gusa. Sannan ya tambaya ko a nan ne zai sami wani ɗalibi, ya faɗi sunana.

Ban taɓa ganin mutum ya durƙusa da sauri irin na abokina a ranar ba. "Ranka ya daɗe! Honorabul! Sannu da zuwa!" Ya manta ma da Hausa yake yi. Ni kuwa na tsaya riƙe da hannun rigata, na rasa ko gaisuwa.

Dattijon ya cire takalmi ba tare da an ce masa ba. Ya ci shinkafa da waken Hajiya irin ta mutanen Gana, ya ƙara. Da aka kwashe kwanuka, abokina ya fito da goro a faranti, ya raba wa jama'a, ya ce kowa in zai yi magana ya fara miƙa wa baƙo. Wani saurayi ya fara matsowa ya miƙa nasa. Dattijon bai karɓa nan take ba. Ya tambaya mene ne wannan. Aka yi masa bayani cewa goro ne, da shi muke girmama babba, da shi muke buɗe magana mai nauyi.

Ya dubi goron da kyau. Sannan ya ce su ma suna da irin wannan, amma da ganyen taba. In mutum ya kawo wa dattijo taba yana da tambaya, dattijon yana da damar ya ƙi karɓa. Amma in ya karɓa, to ya ɗauki nauyin ya saurara har ƙarshe, kuma ya faɗi gaskiya. Ya ce, "Haka naku yake?"

Falo ya amsa baki ɗaya, "Haka yake!" Mu da muke karɓar goro a wurin ɗaurin aure muna zubawa a aljihu ba tare da mun san sunan ango ba.

Ya miƙa hannu ya karɓa.

Saurayin injiniya ne da digirinsa, amma gadi yake yi a wani kanti. Ya zayyana komai, ya nuna takardu, ya ce yana roƙon Honorabul ya taimaka masa da takardar aiki don ya samu biza. Dattijon ya saurara bai katse shi ba. Ya yi masa 'yan tambayoyi. Sai ya ce, "Ba zan iya ba. Biza ba a hannuna take ba, ta gwamnatin tarayya ce. Kuma a yankina babu aikin da zan kira ka ka yi. 'Ya'yanmu ma kudu suke gudu."

Duk muka zuba masa ido muna jiran "amma". Ba ta zo ba. Ya mayar wa yaron takardunsa da hannu biyu.

Na yi hira da 'yan majalisa a gida, na zauna a falukansu na ga yadda ake yi. "An gama." "Bar min takardun." "Ka same ni a ofis ranar Litinin." Kowa ya san Litinin ɗin ba ta zuwa, amma kowa yana fita da murmushi. Ban taɓa jin ɗan siyasa ya dubi idon mutum a gaban jama'a, bayan ya ci abincinsu, ya ce ba zai iya ba.

Haka aka yi ta yi. Mutum ya miƙa goro, ya karɓa, ya saurara kamar ba shi da jirgin da zai kama, sannan ya ce a'a. Inda ya san ƙofar gaskiya yakan faɗa, kamar 'yar Hajiya mai karatun jinya, wadda ya gaya wa irin hukumar da za ta nema da irin wahalar da za ta sha. Amma bai ce wa kowa ya bar masa takarda ba.

Da aka zo kan abokina, ya gyara zama ya ce shi direba ne, ya ji ana neman masu tuƙa manyan motoci a can, kuma a shirye yake ko gobe. Dattijon ya ce hanyar mota zuwa garinsu sai da sanyi ake samunta, in tafki ya daskare, motoci su bi ta kan ƙanƙara. In ta narke, sai ƙaramin jirgin sama. Abokina ya ƙyalƙyale da dariya, ya ɗauka wasa ne. Dattijon bai yi dariya ba. Ya ƙara da cewa ruwan famfon garinsu ma an yi shekaru sai an tafasa ake sha.

Hajiya ta juyo ta dube ni, ta ce da Hausa, "Kai ɗan nan, anya Kanadar da muka sani ce ka kawo mana?"

Daga matakala wani ya ce, "Rowa ce kawai. Ya cinye shinkafar mutane." Wata ta ce, "Ko na taksi bai bayar ba." Aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ana neman takalma ana tsaki.

Ni duk wannan lokacin ina rakuɓe a bayan ƙofa ina kallon agogon bango. La'asar ta yi ta wuce. Tambayoyin da na yi makonni ina gyarawa suna cikin jakata. Sau da yawa na buɗe baki in ce jama'a a yi haƙuri, ni aka zo gani, sai in ga babba yana magana, in rufe. Ina kallo aikina na shekaru yana zubewa a falon Hajiya, kuma ko tari na kasa yi.

Dattijon ya dubi agogo, ya miƙe, ya yi wa Hajiya godiya. Abokina, wanda da safe ya yi alkawarin kai shi tasha da kansa, ya kawar da kai ya ce, "Dokta, raka baƙonka."

Na karɓi jakarsa da kyar, don bai so ba. Muka taka zuwa tashar bas, ban ce komai ba. Bas ta zo, na ce a raina bari in shiga, a ciki zan yi magana. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa har tsakiyar gari, shi shiru ni shiru. Shi shirun ba ya damunsa, ni kuwa zufa nake yi a cikin rigar aro. Sai ga mu a bakin jirgi, ana sanar da tashinsa. Na miƙa masa jakarsa, idona ya ciko.

Ya dube ni ya ce, "Kowa a gidan nan ya ba ni goro, ban da kai. Na ɗauka ka fasa tambayar ne."

Ashe jirana yake yi. Na lalubi aljihun babbar rigar kamar mahaukaci, Allah Ya taimake ni, ga wani ɓarin goro da abokina ya manta tun Sallah, ya bushe ya yi ja. Na miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa. Ya ce, "To, yanzu dole in amsa maka. Amma jirgin nan ba zai jira mu ba."

Ni da ban taɓa tsallake titi ba sai fitila ta ba da hannu, na tattare riga na faɗa jirgin London. Mai duba tikiti ya sayar min da nawa a ciki yana ƙare min kallo.

A nan ya ba ni labarin siyasarsa. A da malamin firamare ne. Dattawan garinsu suka zo gidan mahaifiyarsa da taba suka ce ya tsaya musu takara, ya karɓa. Da ya shiga majalisa, manyan jam'iyya suka koya masa darasi na farko: kada ka taɓa ce wa mai ƙuri'a a'a, ka ce ana dubawa. Ya ce ya iya darasin sosai, har ana yabonsa.

Akwai wani tsoho, aminin mahaifinsa, mai ciwon ƙoda. Likitoci sun ce nan gaba kaɗan zai buƙaci injin wankin jini, wanda babu shi a ɗan asibitin garinsu. 'Yarsa da ke birni ta matsa ya koma wurinta. Tsohon ba ya son barin ƙasarsa, sai ya zo ya tambayi ɗan majalisarsa ko gaskiya ne za a kawo injin. Minista ya yi alkawari, shi kuma ya san alkawarin minista. Amma ya dafa kafaɗar tsohon ya ce baɗi war haka injin yana nan. Tsohon ya zauna. Aka zo kasafi aka soke maganar. Ranar da ciwon ya tashi, iska ta hana jirgi sauka.

Ya ce, "A wurin jana'iza 'yar ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, da ka ce masa a'a, da ya biyo ni."

Na kasa rubuta komai. Biro yana hannuna, amma na kasa.

Ya ce tun daga ranar bai sake cewa ana dubawa ba. Mutanensa suka yi fushi, daga baya suka saba, suka ci gaba da zaɓensa, don in ya ce i, sun san i ce. Amma da jam'iyyarsa ta kawo kasafin da ya rage jiragen ɗaukar marasa lafiya, ya tashi a zauren ya ƙi amincewa. Suka kore shi. Yanzu shi kaɗai yake zaune a kujerar baya, babu jam'iyya. A zaɓe mai zuwa sun tsayar da wani matashi mai daɗin baki wanda ya yi alkawarin hanyar kwalta har garinsu.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Ranka ya daɗe, za ka ci?"

Ya ce, "A'a. Mutane sun gaji, suna son su ji an ce musu i. Ban ga laifinsu ba. Falon da ka kai ni yau, irinsa ne kicin ɗin mahaifiyata duk ƙarshen mako. Fuskokin nan duk na san su."

Na yi masa sauran tambayoyina, ya amsa ɗaya bayan ɗaya, wasu ya ce bai sani ba. Da muka sauka a London ya ciro ɓarin goron ya gatsa. Ya yamutsa fuska, ya daure ya haɗiye. Ya ce, "Ba zan ce maka yana da daɗi ba." Wannan ne karo na farko da na ga ya yi dariya. Ya saɓa jakarsa ya shige cikin jama'a, ni kuma na nemi motar Manchester da babbar rigata.

Babin ya rubutu, aikin ya karɓu. Malamata ta ce shi ne mafi kyau a cikin littafin, ta tambaye ni yadda na sa shi ya saki jiki haka. Na ce rakiya na yi masa.

Abokina ya yi makonni yana amsa gaisuwata a daƙile. Ran nan muna cin abinci ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka san na shirya ranar Litinin ɗin bayan zuwan baƙon nan in je in ce wa manaja ya riƙe aikinsa? Da mutumin nan ya ce min an gama, wallahi da na bari." Aikin ne ya riƙe shi da iyalinsa har aka fita daga shekarun nan masu wuya. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma duk da haka marowaci ne. Kuma ka dawo min da rigata."

Daga baya malamata ta gaya min dattijon ya faɗi zaɓe, kamar yadda ya ce. Ban san ko an yi kwaltar ba.

Yanzu na dawo gida ina koyarwa, kuma ni ma ana zuwa wurina. Wannan yana son in yi wa ɗansa hanyar shiga jami'a, wancan yana son in yi magana da wane. Na gane cewa "za a duba" ta fi komai sauƙi a bakin mai kunya irina, don tana sallamar mutum ba tare da ka ga ɓacin ransa ba. Ba kullum nake cin nasara ba. Amma in na ji ta taho kan harshena, sai in tuna tsohon da ya zauna jiran inji. Mahaifiyata ta ce na dawo da bakin Turawa. Na ce mata ba a wurin Bature na koya ba.

Har yau in aka miƙo min goro, ko a wurin suna ne, sai na ɗan dakata na dubi fuskar mai bayarwa kafin in miƙa hannu.